Sunan da anka bari a gidan turu

Jama'a, abin ga da zan gaya muku ba a tasha na tsince shi ba, ba kuma wani ya turo mini a waya ba, da ni ya faru, idona ya gani kunnena ya ji, wanda ya ga dama ya ce ƙarya nake shirgawa, ban hana shi ba. Allah dai shi ne shaidata, kuma mutanen da anka yi abin a gabansu suna nan da ransu, ban da tsohuwa guda da ta riga mu gidan gaskiya.

Shekarun baya ne, lokacin ina da ɗan shagon hoto a Madawa, ina bin biki da suna da kamarata ta bidiyo, wani lokaci har Buza da Kaita ake kirana. Ina da wani aboki Illa, tare munka yi lekol, wato makarantar boko, shi bai yi nisa ba ya koma tura wa mutane fim a waya, kuma tun muna yara ba shi da wani buri sai a ce masa darakta. Illa kuwa in ya sa abu a ransa ko uwarsa ba ta cire masa. Wata rana da hantsi ya faɗo shagona yana haki, ya ce in bar abin da nake yi in zo in ga wani fim. Na turawa ne, na ban tsoro, samari da 'yan mata ne da iyayensu sunka kasa da su, wannan ba ya barci, waccan ta daina magana, wancan da kowa faɗa yake, anka tara su a asibitin masu taɓin hankali, sai wani abu ya riƙa ɗaukarsu ɗaya bayan ɗaya, likitoci kuwa sun ƙi yarda da abin da yaran ke faɗa tunda dai an riga an ce ba su da hankali. Illa ya ce tsohon fim ne turawan sunka sake yin sabonsa, to in su sun iya maimaita nasu, mu me zai hana mu yi namu da Hausa, da yaranmu, a gidan turu maimakon asibiti. Na ce kai Illa, kamara guda gare mu da makiron ɗaukar magana mai tari. Ya ce ai tarin ma tsoro zai ƙara. Haka dai ya yi ta bina kullum har na gaji na ce to.

Yarinyar da ya zaɓa ta ja fim ɗin kuwa ɗiyar yayata ce, Zaliha. Uwarta Habsu, wadda nake bi, tana aure a Urno, ita Zaliha a gidana take zaune saboda tana lise, wato sakandare, a Madawa. Yarinya ce mai surutun tsiya, in ta fara ba ka labarin malamansu tana kwaikwayon tafiyarsu sai cikinka ya yi ciwo don dariya, kuma ita ce gaba a wasan kwaikwayon makarantarsu. Da ta ji maganar fim har tsalle ta yi. Na ce ba ni da ikon ba da ke, sai uwarki ta yarda. Na hau moto, wato babur, na je Urno na tarar da Yaya Habsu tana bakacen gero, na yi mata bayani, ta ci gaba da bakacenta, faifai yana tashi yana sauka. Can ta ce, "Ni ban son wasa da hauka, don ba abin wasa ba na. Amma tunda tana so, kai ka ɗauke ta, kai za ka maido min ita yadda ka ɗauke ta." Na ce haba Yaya, wasa ne fa, ina tare da ita ƙafata ƙafarta. Wallahi da bakina na faɗi haka.

Wurin da Illa ya samo wani ƙauye ne a kwarin Tama, ba zan faɗi sunansa ba don mutanen wurin ba za su so ba. Munka tafi lokacin hutun makaranta na bazara, ana tsakar cire albasa, duk garin warin albasa yake, kowa yana garka, wato lambu, babu mai lokacin kallonmu. Gidan yana kan tudu can saman gari, ginin dutse ne, ɗakuna ƙanana a jere suna kallon tsakar gida, kowane da turunsa a ciki, gungumen itacen nan mai rami da ake sa ƙafar mai taɓin hankali a buga ƙarfe don kada ya gudu ko ya ji wa wani. Wani malami ne ya yi shekaru yana maganin irin wannan ciwo a wurin, ana kawo masa mutane daga ko'ina, da ya rasu babu wanda ya gaje shi, gidan ya zama kango. Matarsa ce ta buɗe mana, Iya Tsahara, tsohuwa ce tukuf, kunnenta ya yi nauyi amma bakinta lafiya lau. Tana gaba muna biye, tana nuna ɗakuna da sandarta tana ba kanta labari: "Nan Ɗan Gawo yaz zamna, nan Sanyi, nan Mai Tagiya, wancan na ƙurya Kurciya." Illa ya mintsine ni, ya raɗa mini cewa waɗannan sunaye sun fi waɗanda ya ƙirƙira daɗi nesa ba kusa ba. Nan take ya raba sunayen ga yaran da ya tattaro don wasan. Bai tambayi tsohuwa ba, ita kuwa ba ta ji ba, ta miƙa mana makulli ta gangara garkar ɗanta. Zaliha ta samu Kurciya da ɗakin ƙurya.

Da farko komi lafiya. Muna kwana cikin gari gidan ɗan tsohuwar, da safe mu hau tudu mu yi aiki, kafin magariba mu sauko. Zaliha ita ce yarinyar da ta daina magana, za ta zauna a ƙasa ta zura ƙafa cikin turu, ba mu buga ƙarfen ba, a buɗe yake, duk lokacin da ta so sai ta zare ƙafarta. Ana ta dariya, samarin nan suna kwaikwayon hauka suna wuce gona da iri Illa yana zaginsu. Sai ya kawo wata doka, wai ya ji manyan daraktoci haka suke yi: daga yau kada a kira kowa da sunansa, ko wurin cin abinci ne, sai da sunan fim, don kowa ya shiga jikin wanda yake wasa. To shi ke nan, Kurciya zo ki ci tuwo, Kurciya miƙo buta, Kurciya gyara kallabinki. Tun bakinmu yana kuskurewa har ya saba.

Abin da na fara lura da shi a kunne ne. Ni ke riƙe da kamara, kuma ina sanye da kaske, abin nan da ake ɗorawa a kunne a ji abin da makiro ke ɗauka. Muna cikin ɗaukar Zaliha sai na ji wani gunaguni ƙasa-ƙasa, ba waƙa ba, ba kuka ba, daga maƙogwaro yake fitowa yana hawa yana sauka, irin na kurciya da tsakar rana. Na ce wa Illa wannan dabara taka ta yi kyau. Ya ce shi bai ce ta yi ba, amma a bar shi, ya ma fi. Da anka tashi hutu kowa ya fito tsakar gida, makiro yana can ɗakin ƙurya inda na rataye shi, ni kuma ban cire kaske ba, sai na ji gunagunin yana nan bai tsaya ba. Na ɗaga kai, ga Zaliha a gabana bakin randa, moɗa a bakinta tana shan ruwa. Na cire kaske, shiru. Na mayar, ga shi nan. Na tashi na shiga ɗakin na duba azara ɗaya bayan ɗaya ko wata tsuntsuwa ta yi sheƙa, babu komi sai yanar gizo da turu a ƙasa. Sai na ce wa kaina wayar makiro ce ta lalace, tunda dai daman ba ta da kirki.

Daga nan yarinya ta fara canzawa a gabana ina kallo. Surutun nan duka ya ɗauke. In an zuba abinci sai ta ɗauki nata ta juya wa mutane baya ta fuskanci bango. Muna saukowa daga tudu na ga tana jan ƙafar dama, na ce Zaliha ƙaya kinka taka? Ba ta waiwayo ba. Na sake kira da ƙarfi, ko gezau. Wata yarinya cikin 'yan wasan ta ce "Kurciya, Kawunki na magana," sai ta juyo nan take ta dube ni, irin kallon da ake yi wa mutumin da ba a san daga ina ya fito ba. Na durƙusa na duba ƙafar, wallahi tallahi ga wani baƙin zobe ya zagaye idon sawunta, fatar wurin ta yi kanta ta taurare, irin wadda sai an yi shekaru abu yana gurzar wuri take fitowa, alhali ramin turun nan ya yi mata yawa, ko taɓa ta ba ya yi. Na ja Illa gefe na ce mun gama, gobe Madawa za mu kwana. Ya kama roƙona, wai fitowa guda ta rage mata, da safe a ɗauka a wuce, in ba haka ba duk wahalar da munka sha ta tashi a banza. Na ce fitowa guda, daga ita ko sama da ƙasa za su haɗe sai mun tafi.

Da safe munka hau. Rana ta fito sarai, ana jin injin ban ruwa daga garkaki, ana jin mata suna kiran juna, babu wani duhu balle a ce ido ne ya yi gizo. Abin da za ta yi kawai ta ɗago kai ta dubi kamara ta kurma ihu. Ta zauna ta zura ƙafa, Illa ya ba da alama, ta ɗago kai sannu a hankali, amma ba kamara ta duba ba, ni ta duba. Ta ce, "Malam, damana ta wuce?"

Muryar ba ta Zaliha ba ce. Ta dishe, ta yi ƙasa, kuma Hausar a karye take irin ta 'yan Fulanin daji da sunka koye ta a kasuwa, Zaliha kuwa ko gaisuwa ba ta iya da Fulatanci ba. Ta sake cewa, "Sun ce in damana ta wuce za su zo. Ta wuce?" Illa yana raɗa mini kada in tsayar, kada in tsayar, ni kuwa na kashe kamara na ajiye ta a ƙasa, na ce Zaliha tashi mu tafi gida. Na kama hannunta, ta zare ƙafa ta miƙe ta biyo ni har bakin ƙofar ɗakin, sai ta tsaya cak. Na ja, ba ta motsa ba. Na sunkuya in ɗauke ta, yarinyar da ba ta kai buhun gero nauyi ba, na rantse da wanda raina ke hannunsa ko ɗaga ta daga ƙasa ban iya ba. Illa ya zo munka haɗu mu biyu, ƙarti biyu, a banza. Ta dube mu ba fushi ba komi ta ce, "Ba a kira ni ba." Ta koma ta zauna ta mayar da ƙafarta cikin turu, ta fuskanci bango, gunagunin nan ya tashi, yanzu kuma ba sai da kaske ba, kowa yana ji. Sauran yaran sunka watse waje, 'yan matan suna kuka.

Illa ya ruɗe ya tsaya tsakar gida yana ƙwala kira, Kurciya ya isa, Kurciya an gama, fito. Allah cikin ikonsa lokacin nan Iya Tsahara ta hawo tudu da ƙwaryar fura ta kawo mana, kuma ihun Illa ya kai har kunnenta mai nauyi ya ji. Ta tsaya bakin zaure, ta ajiye ƙwarya a hankali, ta ce, "Wa kuke kira hakanga?" Anka gaya mata da ƙarfi kusa da kunne. Tsohuwar nan ta dafe kai da hannu biyu ta zauna a ƙasa inda take, ta yi ta salati, sannan ta ce, "Wa yab ba ku sunan ga? Mi kunka yi, 'yan nan?"

Daga bakinta munka ji yadda gidan yake. Ta ce ba a shiga gidan nan da sunan yanka. Duk wanda anka kawo, Malam kaɗai ake raɗa wa sunansa na gaskiya, shi kuma ya ba shi wani na aro, don ciwon ya kama na aron ya bar na yankan da tsarkinsa. Ran da mutum ya warke, uwar da ta shayar da shi za ta tsaya waje bakin zaure ta kira shi da sunan yanka, ya amsa ya fita, ya bar na aron nan tare da ciwon, kuma sunan da anka bari ba a sake ba kowa shi har abada. Ta ce su Ɗan Gawo da Sanyi da sauƙi, masu su an kira su sun tafi. "Amma wagga ba a taɓa kiranta ba." Wasu makiyaya ne daga wajen Ibohaman sunka kawo ta a kan jaki gab da faɗuwar ruwa, budurwa ce tsarar Zaliha, sunka ce za su yi arewa da shanu, in damana ta wuce za su dawo. Yarinya ta samu sauƙi, tsohuwa ta ce ta warke sarai har tana taya ta daka, Malam ya cire mata ƙarfe, amma ba ta yarda ta ƙetare zaure, kullum tambayarta ɗaya. Malam ya bi kasuwanni yana cigiya, babu wanda ya san inda mutanenta sunka yi. Damana ta zo ta wuce, wata ta zo ta wuce, har ciwon ya dawo mata, har ta rasu a ɗakin nan. Tsohuwa ta kama rigata ta ce, "Tahi ka ɗauko uwatta. Kada ka bari rana ta hwaɗi tana ɗauke da sunan ga cikin ɗakin ga. Ni zan zamna da ita."

Ban san yadda na kai Urno ba. Na dai san na hau moton Illa, na san duwatsun hanyar nan da yashin ƙorama da ke kama taya, na san ina tuƙi ina addu'a ina zagin Illa duk a baki ɗaya. Abin da ya fi damuna ba hanyar ba ce, fuskar Yaya Habsu ce. Mijinta ya tafi cin rani, ita kaɗai na tarar tana daka, tana ganina ni kaɗai ta tsayar da taɓarya ta ce, "Ina yarinyar?" Na gaya mata a tsaye, ban ɓoye komi ba. Da ta zage ni da na ji sanyi, amma sai ta jingine taɓarya, ta shiga ɗaki ta ɗauko mayafi, ta hau bayana. Duk tsawon hanyar nan ina jin yadda ta damƙe rigata ta baya har wuyan yana shaƙe ni.

Munka iso la'asar ta yi sanyi, inuwar tudu ta riga ta rufe rabin gari. Labari ya bazu, mutane sun bar albasa sun hawo, maza da mata sun cika gaban gidan, kuma tun daga waje ana jin gunagunin nan. Yaya ta sauka za ta faɗa ciki da gudu, Iya Tsahara ta tare ta a zaure ta ce a'a, nan waje za ki tsaya, ki kira ta da sunanta na yanka da ƙarfi har ta ji. Sai na ga Yaya ta sandare.

Ku da kunka san mu kun san dalili. Zaliha 'yar fari ce, kuma sunan uwar mijin Yaya anka sa mata, kunya biyu ke nan a wuri ɗaya. Tun ran da anka yanka ragon yarinyar nan ban taɓa jin sunan ya fito daga bakin uwarta ba, ko a ɗaki, ko cikin faɗa, sai dai yarinyar ga, ko waccan, ko mai sunan tsohuwa. Yau kuma an ce ta ɗaga murya ta faɗe shi gaban ƙartin garin da ba nata ba. Ta dubi tsohuwa ta ce, "Kawunta ba ya iya kira?" Tsohuwa ta ce, "Wadda tash shayar da ita." Yaya ta ja mayafi ta rufe rabin fuska, ta ce, "Ke yarinya, taho mu tahi gida." Gunaguni ya ƙaru. Ta ce, "Mai sunan tsohuwa, ni ta, innarki." Babu abin da ya canza. Na ga leɓenta yana motsi, tana son ta faɗa, sunan ya ƙi fitowa, ba da gangan take yi ba, bakin ne bai san hanyarsa ba. Na dubi rana ta kusa taɓa kan dutse, raina ya ɓaci, tsoro ya kama ni, na yi wa yayata maganar da ban taɓa yi mata irinta ba, na ce Yaya, kunya za ki koma da ita Urno ko ɗiyarki?

Ta dube ni, idonta ya kawo ruwa. Ta saki mayafin ya zame kan kafaɗa, ta matsa har yatsun ƙafarta sunka taɓa dokin ƙofa, ta buɗe baki ta ce, "Zaliha!" Muryar ta tsage, har dutsen da ke bayan gidan ya maido da ita. Matan da ke wurin sunka sunkuyar da kai. Ta sake kira, wannan karon da kuka a ciki. Gunaguni ya yanke kamar an toshe bakin tulu. Can sai munka ji, da muryar da na sani, muryar da ke cika mini gida da surutu, "Na'am, Inna."

Ta fito tana ɗingishi tana kare ido da hannu, ta ƙetare tsakar gida, ta ƙetare zaure ba wanda ya taɓa ta, ta dubi taron mutane ta dubi uwarta ta ce, "Inna, yaushe kinka zo? Ke kinka kira sunana?" Yaya ta rungume ta sunka zube ƙasa tare. Ni kaina hawaye nake yi ban sani ba, mutane sunka fara hamdala, wani dattijo ya ɗaga hannu zai yi addu'a.

Bai kai ga buɗe baki ba munka ji ta. Daga ɗakin ƙurya, ɗakin da kowa ya ga an fito an bar shi wayam, ƙofarsa a buɗe muna hango turu, wata murya ƙarama disasshiya ta ce, "Ni fa?"

Ba ni kaɗai na ji ba, kada wani ya ce mini kunnena ne. Taron nan duka ya ja da baya, wasu sunka gangara tudu ba sallama, Illa ya zauna daɓas a ƙasa. Ni niyyata in kwashi yayata da ɗiyarta mu bar wurin. Amma Yaya Habsu, matar da ɗazu ta kasa buɗe baki, ta miƙe ta tura mini Zaliha a hannu, ta koma bakin zaure ta dubi tsohuwa ta ce, "Mi sunanta? Gaya min in kira ta." Iya Tsahara tana kuka ta ce, "Ɗiyata, Malam kaɗai yas sani, ya tahi da shi." Sai Yaya ta fara kiran sunayen 'yan matan Fulani duk wanda ya zo mata a baki, Aisatu, Dija, Fanta, Inno, Jabu, in ta kira sai ta saurara, in ba a amsa ba ta kira wani, har sunayen da ta sani sunka ƙare ta koma tambayar matan garin suna jefo mata. Babu wanda anka amsa. Rana ta faɗi tana tsaye a wurin, sai munka ji gunagunin ya sake tashi a hankali daga ƙurya. Da ƙyar na janye ta.

Fim dai ba a ƙarasa shi ba, Illa bai sake yi mini maganar darakta ba. Zaliha ta warke, tabon ƙafar ya baje a hankali, ta gama karatunta, yanzu tana gidanta da 'ya'yanta. Na taɓa tambayarta abin da take tunawa, ta ce ba ta ga komi ba, ba ta ji tsoro ba, "Jira na kawai, Kawu, wani irin jira, duk motsin da na ji a waje sai in ce su na." Ta roƙe ni kada in sake tambayarta, ban sake ba. Na kai maganar wurin malamai, wannan ya ce aljani ne, wancan ya ce shaiɗan ne ke wasa da hankalinmu, wani likita abokina ya ce yarinya ce ta shiga wasa da yawa ga zafi ga gajiya. Na ce to muryar da ta yi magana bayan ta fito fa? Sai ya juya maganar.

Abin da zan ce muku kawai, ku bar wasa da abin da kunka tarar a gidan da anka yi jinyar irin waɗannan bayin Allah, ku tambaya kafin ku taɓa, ko da suna ne. Kuma duk wanda ke da wani nasa da ya kai asibiti ko gidan mai magani saboda taɓin hankali, ya ajiye shi ya ce zai dawo, don Allah ya koma. Ko bai warke ba ka je ka tsaya inda zai ji ka, ka kira shi da sunansa. Ni dai har yau in aiki ya bi da ni ta hanyar Tama ba na ɗaga kai in dubi tudun nan, don ban ji an ce wani ya zo ya kira ta ba.